Mu masu farautar mabuɗin da ya ɓace

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet ya tarar da ???kwando.jimla??? a inda ya kamata a ce "Jimlar kuɗi", to ya ga abin da ƙaramin kamfaninmu ke neman abinci da shi. Manhajar da ke magana da harsuna da yawa ba a cikin kod, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da ita, ake rubuta kalamanta ba. Fayiloli ake ware musu, kowane harshe da nasa, kowace jimla da mabuɗinta, wato ɗan gajeren sunan da ake kiranta da shi, kod kuma mabuɗin kawai yake kira. Aikinmu shi ne ƙera kayan da ke gano mabuɗin da aka kira alhali babu shi, tun kafin idon mai amfani ya kai wurin.

Kowane tsarin gina manhaja da halinsa in ya nemi mabuɗi ya rasa. ResourceBundle na Java sai ya jefo MissingResourceException. JSF ya jera alamun tambaya uku-uku, gaba da baya. Rails ya rubuta ƙarara cewa babu fassara. Waɗannan duk masu sauƙi ne, tunda sun yi ihu. Wanda na fi tsoro shi ne mai shiru, irin gettext, wanda kan mayar da jimlar asali ba tare da ya ce uffan ba. Sai ka ga shafin Larabci da layi guda na Turanci a tsakiya, har a yi watanni a haka, don babu mai jin Larabci a cikin masu gwajin.

A nan muke rabuwa da masu kwaikwayo. Sai mutum ya rubuta ɗan abin da ke gwada fayil da fayil, ya saka shi kasuwa da araha, wai ya yi irin namu. To ina mabuɗin da babu shi a duka fayilolin? Ina wanda ake harhaɗawa lokacin da manhaja ke gudana, a ɗauko "kuskure." a liƙa masa lambar da saba, wato kwamfutar da ke turo wa manhaja bayanai, ta turo? Binciken haruffa ba ya ganin wannan ko kusa. Namu yana warware kod ɗin ne reshe-reshe, ya bi kowane kira zuwa tushensa, inda kuma ya kasa tabbatarwa ya faɗa, bai yi kamar ya sani ba.

Wannan na koya ne a hannun maigidana na farko, mutumin da ba ya yarda da koren hasken da ke nuna gwaji ya wuce. Yakan sa ni in cika fayil da fassarar bogi, kowace jimla a tsawaita ta, a kewaye ta da baka, wato alamar [ ], sannan in bi shafuka ɗaya bayan ɗaya. Duk rubutun da ya fito tsirara ba baka, to bai bi ta fayil ba. A lokacin gani nake horo ne kawai. Yau dabarar tana cikin kayanmu.

Ga kuma batun jam'i, wato yadda kalma ke sauya siffa gwargwadon yawan abu, wanda masu araha ba sa ko kallo. Turanci siffa 2 gare shi, Rashanci 4, Larabci 6 a ƙa'idar CLDR, kundin ƙa'idojin harsuna da manhajoji ke bi. Mabuɗi yana nan, amma siffar abu biyu babu: ya ɓace ko bai ɓace ba? A wurinmu ya ɓace.

Duk da haka sai abokin ciniki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ɗan bincike ne, a rage mana." Nakan ce ya kawo manhajar a gwada a gabansa. Da rahoto ya fito, yawanci maganar ragi takan mutu.

Muna ɗaura kayan ne a GitHub Actions, mai gwada kod da kansa duk lokacin da aka yi canji, ko makamancinsa, yadda duk canjin da ya kira mabuɗin da babu shi ba zai shige ba. Mabuɗan da aka daina kira kuwa jera su kawai muke yi, ba ma sharewa, sai mai manhaja ya duba da idonsa.