Sunan mujiya a Latin da Girkanci: inda nycticorax ya kayar da ni

Na zauna haɗa wa ɗalibai jerin sunayen mujiya na kimiyya da asalin kowanne, a zatona aikin yamma ɗaya ne. Da farko kam abin ya tafi sumul. Noctua daga nox ne, wato dare. Ulula da bubo kwaikwayon kukan tsuntsun ne. Glaux na Girkanci ita ce ƙaramar mujiyar nan da mutanen Atina suka riƙa bugawa a kan kuɗinsu na azurfa, daga ita aka samo Glaucidium, sunan kimiyya na wasu ƙananan mujiyoyi.

Sai na iso kan nycticorax. Nyx dare, korax hankaka, hankakan dare ke nan. Aristotle, tsohon masanin Girka, ya ce akwai wata mujiya mai gashi a tsaye kusa da kunne, sunanta otos, wasu kuma na ce mata nyktikorax. Ina ganin haka na jefa Nycticorax cikin jerin mujiyoyi, na buga, na raba. Ashe a sunayen kimiyya na yau tsuntsun bakin ruwa ne, ɗan'uwan zarɓe da balbela, mai fita kamun kifi da dare. Tun 1758 Linnaeus, wanda ya kafa tsarin sunayen kimiyya, ya sa masa Ardea nycticorax. Wata ɗaliba ce ta miƙo mini hotonsa a waya, ga dogon baki, ga ƙafafu cikin ruwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin minti biyu ya isa in duba.

Abin da na kasa ganewa shi ne, masu raɗa sunayen kimiyya aron tsofaffin kalmomi suka yi, ba lallai su maƙala su ga tsuntsun da magabata suke nufi ba. Da na koma na bi jerin ɗaya bayan ɗaya, sai ga irin wannan a otus: mujiya mai dogayen "kunnuwa" yau Asio otus ce, Otus kuma ya zama sunan wasu ƙanana daban. Strix ma haka. A wurin Romawa tsuntsun maita ne mai shan jinin jarirai, kusan yadda ake camfa mujiya a wurinmu, shi kansa Pliny, masanin Romawa, bai iya cewa ga tsuntsun ba.

Yanzu kowace kalma gida biyu nake ja mata a takarda: ma'anarta a tsohon rubutu, da tsuntsun da ke ɗauke da ita yau, haɗe da wanda ya raɗa sunan da shekarar. Kuma ba na rubuta komai a gida na biyu sai na ga hoton tsuntsun da idona.