Tsofaffin fina-finai a tsakar gidanmu

Zafin Sakkwato ne ya jawo abin. Daga Maris zuwa Mayu ba mai iya zaman ɗaki bayan isha'i a gidanmu na Mabera. Kowa sai ya jawo tabarma tsakar gida, manya na fifita, yara kowa ya duƙufa a kan waya. Sai na ce bari in riƙa fito da talabijin waje duk daren Asabar, in sa mana ɗaya daga cikin tsofaffin fina-finan da Inna da Kawu ke cika mu da labarinsu. So nake in gane ko da gaske fina-finan nan suna da wani abu, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke sa manya yabonsu.

Inna a talabijin ta san su duka. A zamaninsu samari ne ke satar jiki su tafi silima, 'ya mace ba ta zuwa, don haka abin da NTA Sakkwato ta nuna shi ta kalla, daga baya kuma tashar Rima. Tasha ba ta kwana tana aiki a lokacin, da yamma ake buɗewa, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Akwati ɗaya ne a layi, yaran unguwa su cika ɗaki har bakin ƙofa. Babu zaɓi, babu tariyowa, kuma kaset ɗin da tasha ke da su ba su da yawa, sai a yi ta maimaita su. Ina ganin wannan maimaici shi ne ya tace fina-finan. Wanda bai da nauyi, karo na biyu aka watse masa. Wanda ke da shi, sai da mutane suka haddace waƙoƙinsa ba tare da sun san kalma ɗaya ta Indiyanci ba.

Wajen masu tura fim a waya na samo yawancinsu a filas. Janareto bai yi ba, ƙararsa na danne magana, don haka batirin sola muka jona. Fim ɗin Indiya na da kuwa yakan kai awa 3, in an fara bayan isha'i kafin a kai ƙarshe rabin jama'a sun yi barci. Sai muka koma raba shi biyu, Asabar da Lahadi. Wannan rabin ya zame mini ma'auni ba da niyya ba: in gari ya waye aka tare ni da "yau za a ƙarasa ko?", to fim ya ci.

Da Mother India muka fara, na 1957, wanda Nargis ta fito a uwa manomiya. Launinsa ya dushe, yara suka soma da dariyar tufafi da shanun noma. Amma labarin bashi ne. Surukarta ta ci bashi don a yi biki, mai ba da kuɗin ruwa ya murɗe takarda, ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara. Dutse ya danne hannuwan mijin, ya bar gida don kunya, sannan ambaliya ta zo ta share abin da ya rage. Ba wanda ke kan tabarmar nan da bai san wani a ƙauye da ya ci bashin taki da damina ya biya da buhunan gero da kaka ba. Da aka zo wurin ruwa, Kawu ya ɗauko zancen ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Daga nan dariya ta ɗauke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai Inna ce. Ta san fim ɗin ciki da bai, kuma ba ta iya riƙe baki. Ana saura kaɗan a kai ƙarshe ta ce, "Ku duba, yanzu za ta halbe shi." Yara suka yi ca a kanta don ta ɓata musu. Uwar ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta saboda ya sace 'yar mutane, sai ga Inna tana share hawaye da gefen mayafi, ita da ta faɗa mana abin da zai faru. Yawancin fina-finan da nake kallo a waya, abin da ke riƙe ni son sanin ƙarshe ne, in na sani kuwa sai in goge don samun wuri. Wannan kuma sanin ƙarshen ne ke ƙara masa nauyi, domin tun ɗan yana yaro yana tsiwa kana kallonsa da tausayin inda zai kwana.

Sholay na 1975 ya kawo rigima. Wanda na fara samu mai fassarar Hausa ne. Ko minti goma ba a yi ba Kawu ya ce, "Kai, cire muna wanga surutu, ba haka munka san shi ba." Yara suka ce ai sai yanzu suke gane abin da ake faɗi, kuma suna da gaskiya. Amma da na samo na asali muka sake, na fahimci kukan Kawu. Akwai wurin da bazawara ke bi tana kashe fitilun gida da dare, Amitabh Bachchan na zaune can nesa yana busa, ba wanda ya ce uffan, kuma duk soyayyarsu a nan take. Akwai wurin da iska ta yaye mayafin wani dattijo aka ga ashe ba shi da hannuwa. Mai fassara ba ya jure shiru, sai ya cusa barkwanci a daidai inda darakta ya bar wuri don zuciya ta yi aikinta. Fassara ta buɗe wa mutane da yawa ƙofa, ban raina ta ba, sai dai ga irin waɗannan fina-finai na fi son a bar su yadda suke, mai sani ya riƙa yi wa yara bayani a gefe.

Sannan ga mugun, Gabbar. Washegari yaran gida shi suke kwaikwayo, ba jaruman ba. Na lura duk fim ɗin da ya zauna mana, mugunsa mutum ne mai kamanni da murya da dalili, wanda za ka iya cewa ka taɓa ganin irinsa.

Ba duk tsohon fim ne ya tsira ba. Akwai wani na faɗan Chana da Kawu ya shekara yana zuzutawa. Da aka sa, yara suka koma kan wayoyinsu, shi kansa mai yabon gyangyaɗi ya kwashe shi. Ashe daren da ya haura katanga ya je silima yake tunawa, ba fim ɗin ba. Charlie Chaplin kuwa, da babu magana a cikinsa, kuma ya girmi kowa a gidan, har 'yar autarmu sai da ta yi ta birgima a tabarma.

Daren da ya fi tsawo shi ne na Umar Mukhtar, fim ɗin Mustafa Akkad na 1981, inda Anthony Quinn ya fito a malamin allo ɗan Libiya da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiyawa, har suka kama shi suka rataye shi a 1931. Dawaki da bindigogin hannu a gaban tankoki da jiragen sama. Ana gamawa ba wanda ya tashi. Kawu ya gyara zama ya ce abin nan an yi shi a nan garin: a watan Maris na 1903 dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka tari Turawan Ingila a Giginya, masu da kibau a gaban bindiga mai ruwa, daga nan ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ƙanena da ke zuwa kallon ƙwallo filin wasa na Giginya bai taɓa haɗa sunan da wannan rana ba. Har sha biyu ta gota ana tambayoyi, talabijin a kashe. A wajena fim ya kai inda ake so ke nan, ya zo da labarin wata ƙasa, ya tono wa mutane nasu.

Namu na Hausa su suka fi ba ni wahala. Sangaya na samu, na wajen shekarar 2000, da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Da waƙar ta tashi, yayyena mata suka karɓe ta baki ɗaya, ko baiti ba su manta ba. Sai dai hoton ya sha kwafi, daga kaset zuwa faifai zuwa waya, fuskoki duk sun narke. Na marigayi Ibro suna nan birjik, kuma yaran da aka haifa bayan rasuwarsa a 2014 suna dariyarsa kamar jiya ya yi. Amma da na ce a tura mini Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai shagon kallona kawai ya yi. Fim ɗin ya yi shekaru da yawa a ɓace, sai da aka tsinci faya-fayansa a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Mutanen Berlin sun kalle shi tas, mu masu harshen muna yawon nema. Idon Matambayi ma, wasan da aka yi a NTA ta garin nan, wanda Kawu ya fi ƙawa, ban same shi wajen masu turi ba.

Da ya ga haka sai ya ce akwai kwalin kaset a ɗakin shirginsa tun na shekarun 1990. Muka je muka jawo. Zafi da ƙura sun manne zaren yawancinsu, wasu gara ta ci takardar sunan, amma kaɗan suna juyawa in an sa yatsa. Bidiyon gidan ya daɗe da mutuwa. Na kai shi wajen wani mai gyaran rediyo a tsohuwar kasuwa, ya buɗe ya ce roba ce ta tsinke, kuma sai ya samo wani mataccen bidiyo irinsa zai ciro mini ita.