Gas ɗin AC na mota: darussan da sana'ar ke koyarwa

Duk wanda ya daɗe yana gyaran AC ɗin mota ya san babu gas ɗin da ya zo ba da tasa matsalar ba. R-12 da aka yi amfani da shi har farkon shekarun 1990 ba ya kama wuta, ga sanyi, amma kulorin da ke cikinsa yana cinye ozon, rufin da ke tare mana illar hasken rana. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta kawo ƙarshensa. R-134a da ya gaje shi ba ya taɓa ozon, sai dai kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Motar da ke cin giram 600, in bakanike ya danna bawul ya sake shi a iska don gaggawa, kamar ya zubar da kilo 858 na kabon ne a 'yan mintoci.

Saboda haka Tarayyar Turai ta ce daga 2017 duk sabuwar mota kada ma'aunin ɗumamar gas ɗinta, wanda na R-134a ya kai 1,430, ya wuce 150. Nan R-1234yf ya samu shiga. Ma'auninsa bai wuce 4 ba, kuma cikin kwanaki kamar 11 yake rushewa a sama. Amma yana kama wuta, ko da yake da ƙyar, yana iya tashi da kansa a zafin digiri 405. In ya ƙone yana fitar da haidirojin fuloraid, mai cin fata da huhu. Kamfanin Daimler, mai ƙera motocin Marsandi, ya yi ƙorafi a kan wannan a 2012, daga baya ya sa R-744, wato iskar kabon kanta, a wasu motocinsa. Ita ba ta ƙonewa, amma matsinta kan haura 100 a ma'aunin matsi na "bar", don haka komai nata daban ne, tun daga tiyo har kwamfiresa, injin da ke matse gas ɗin.

Inda ake yawan ganganci shi ne gas mai arha irin furofen, R-290. Gaskiya yana sanyi, illarsa ga muhalli kaɗan ce, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin R-134a ya isa. To amma ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Kashi 2 cikin 100 nasa a iska ya isa ya tashi. Ebaporeta, sashen da ke sanyaya iskar cikin mota, tana bayan dashbod, in ta huje cikin mota za ta zuba, gilasai a rufe, ga fanka da makunnai masu tartsatsi. Kwandensa kuma, sashen da ke fitar da zafin gas ɗin waje, tana can gaba, ita ke fara fashewa in an yi karo. Motar da ba a ƙera don shi ba, ba a zuba mata shi.

Shi ya sa kafin a jona komai a karanta takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, sannan a gwada abin da ke ciki da na'urar tantance gas, don rubutun gwangwani ba shaida ba ne. An sha samun jabun R-134a gauraye da R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da sinadarin da ke kama wuta da zarar ya haɗu da iska. Bakin jonawa na R-134a da na R-1234yf da gangan aka bambanta su, kada a sa adafta a haɗa su.

Motar da gas ɗinta ya ragu, yoyo take yi, ƙari ba magani ba ne. A zuƙe ragowar cikin silinda, a nemi yoyon da naitirojin busasshe. Iskar famfo da oksijin ba a sa su: R-134a ma yana iya ƙonewa in ya gauraya da iska a matse. A sauya robobin da suka bushe, a yi bakyum, wato zuƙe iskar da ke ciki da inji, na aƙalla minti 30 don fitar da danshi, wanda in ya zauna yake haifar da asid, ya kuma daskare ya toshe bawul da ƙanƙara. Sai a zuba da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta, domin wuce gona da iri yana ɗaga matsi ya rage sanyi. A sa tabarau da safar hannu, tunda R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri, ɗigo ɗaya a ido ya isa. Man kwamfiresa ma a kula da irinsa: man PAG na kwamfiresa mai bel ne, galibin na lantarki a motocin batir man POE suke so, saboda PAG yana rage kariyar wayoyin da ke cikinsu, wutar lantarki mai ƙarfi ta iya bin jikin mota.