A Aikin Kai Saƙo, Wanda Ya Sa Hannu Shi Ne Ɓarawo

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ɗakin kaya in bar aikin kai saƙo. Abokan sana'a sun yi ta tambayata dalili, wasu na cewa albashi ne, wasu na cewa na samu inda ya fi. Kowanne da ƙamshin gaskiya. Amma duk wanda ya zauna da mu a reshen Kano ya san tun maganar buhun Legas zuciyata ta bar wurin, gangar jiki ce kawai take zuwa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, balle na manajan. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kuma in ya duba nasu ofishin da kyau zai ga irinsa.

Wanda ya koya min aiki wani dattijo ne da ya yi gidan waya tun zamanin P&T, tsohuwar hukumar wasiƙu da tarho, kafin a raba ta a 1985 a fitar da NIPOST ta wasiƙu da NITEL ta tarho. Da ya yi ritaya sai ya zo yana taya mu tantance saƙo. Muna yi masa dariya a bayan ido, don ba ya karɓar buhu sai ya ɗora shi a sikeli, ya karanta lambar hatimi, ya kifa shi ya duba gindinsa, ko da direba na ta danna ham a waje. Yakan ce min, "Ɗana, saƙo ba ya ɓata a kan hanya, tsakanin hannu da hannu yake ɓata." A lokacinsu da igiya da dalma ake ɗaure bakin buhu, wasiƙar rajista kuwa duk hannun da ta bi sai an rubuta a littafi.

Shi ya nuna min yadda ake gane kwalin da aka yi wa aika-aika. Ɓarawon saƙo ba ya taɓa sama, inda tambarin kamfani da takardar adireshi suke. Ta ƙasa yake bi da reza, ya zare abin da zai zara, ya mayar da salatif. In ka kifa kwalin sai ka ga salatif hawa biyu, na ƙasa ya sha ƙura, na sama yana ƙyalli. Wanda ya gwanance har sandar sabulu yake sakawa, ko gutsuren tayil, don nauyi ya koma daidai. Wannan sikeli ba ya kama shi, sai ka girgiza ka kasa kunne.

Duk wannan ilimin yana da amfani ne in buhu ya bi hanyar da aka rubuta zai bi. Mu namu ya daina bi.

Da kuɗin man dizal ya ninka a 2022, sannan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sai manajanmu ya ɓullo da dabara. Wasu ranakun motar kamfani ba za ta tashi ba, sai a ɗora buhunan a babur a kai tasha a ba motocin dare masu zuwa kudu. Kada a fahimce ni baibai, webil, wato aika kaya ta hannun direban tasha, ba laifi ba ne. 'Yan Kantin Kwari da shi suke aika atamfa ko'ina a ƙasar nan: ka ba direba, ka karɓi lambarsa, mai kaya ya tare shi a can, kowa ya san abin da ya saya da kuɗinsa. Mu kuwa mutum ya biya kuɗin kamfani, ninkin na tasha, don a ce kayansa na cikin rufaffiyar mota da hatimi. A takardar fitar kaya lambar motarmu ake rubutawa. A takarda mota ta je Legas ta dawo, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kawai, an fitar mata da kuɗin mai. Inda kuɗin man yake shiga ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba.

Na ce masa, "Yallaɓai, in haka za a riƙa yi, a rubuta min a takarda." Ya ɗago ya kalle ni. "Kai ne manaja ko ni? Sa hannu, yaro na jira." Daga ranar na sayi littafi mai layi arba'in da kuɗina, kullum ina rubuta nauyin kowane buhu, lambar hatiminsa, wanda ya ɗauka, da lambar motar da aka ba. Ba wanda ya sa ni, tarbiyyar dattijon nan ce.

Buhun da ake magana ya bar hannuna da kilo 23. Ya isa Legas da kilo 19 da wani hatimi daban a bakinsa. Abu biyu suka yi ɓatan dabo: kwalin wayoyi na wani ɗan kasuwar Farm Centre, da wata ambulan mai kauri. Ambulan ɗin ta wani bawan Allah ce, dattijo, da ya aika wa ɗansa takardun makarantarsa na asali, har da shaidar digiri da ta bautar ƙasa, saboda an kira yaron tantancewar ɗaukar aiki. Ina kyautata zaton wanda ya yanka buhun ya ji kauri ya zaci kuɗi ne, da ya buɗe ya ga takardu ya watsar a bakin titi.

Aka turo mai bincike daga hedikwata. Ya baje takardar fitar kaya a tebur: ga lambar motarmu, ga sa hannuna. Aka juya ga manaja, ya ce shi yau ya fara jin ana kai kaya tasha, kuma abin ya ba shi mamaki matuƙa. Wallahi ko ƙifta ido bai yi ba. Na fito da littafina. Mai binciken ya buɗe shafi biyu, ya rufe, ya turo min, wai ba littafin kamfani ba ne. Na ce to a duba na maigadi, a ga ko motar ta fita ƙofa a daren nan. A tambayi bakaniken da take wurinsa. Ya ce ba a aiko shi binciken mota ba, an aiko shi binciken buhu. Da la'asar na hango su a mota ɗaya da manaja za su cin abinci.

Hukunci ya fito cikin mako. Yaron da ya kai buhun tasha, wanda aikinsa a yi masa umarni ya bi, aka kore shi ba ko sisi, alhali matarsa na da tsohon ciki. Ni aka ce a riƙa yanke rabin albashina har sai an biya kuɗin wayoyin. Sai daga baya wani lauya da muke sallah masallaci ɗaya ya buɗe min sashe na 5 na Dokar Ƙwadago. Ashe ba a yanke wa ma'aikaci albashi kan asarar da aka ce ya jawo sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a yanke a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ba izini, ba komai, takarda ce mai layi huɗu aka miƙo min. Duk mai zama a kanta ko ɗakin kaya ya haddace wannan sashe kamar lambar wayarsa. Manajan kuwa, kafin shekara ta zagayo an ba shi reshen da ya fi namu girma. Har walima aka yi, aka ce kowa ya kawo gudummawa.

Amma ba yankan albashin ne ya fi tsaya min a rai ba, dattijon nan mai ambulan ne. Yakan zo da hantsi, ya jingine kekensa, ya cire hula ya share gumi, ya zauna a bencin bakin ƙofa da rasit ɗinsa a cikin ledar burodi don kada ya jiƙe. Manaja na hango shi a taga zai ce a ce ya fita. Ni ake turawa. Ni zan karanta masa ƙananan rubutun bayan rasit, waɗanda ko mai digiri sai ya matse ido, in fassara masa cewa takardu a wurin kamfani ba su da darajar kuɗi, abin da za a mayar masa kuɗin aikawa ne kawai. Mu da kanmu muke cike gurbin darajar kaya a kanta, ba ma ko tambayar mai kaya.

Ya ce, "Ɗana, ni ba kuɗi na zo karɓa ba. Takardun yaron nake so."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ana kan bincike." Na san an rufe binciken tuntuni.

Abin da bai sani ba a lokacin, hukumar bautar ƙasa, NYSC, ba ta sake buga shaidar da ta ɓata. Sai an je wurin 'yan sanda an karɓo rahoto, an yi rantsuwa a kotu, sannan ta ba da wasiƙar tabbatarwa. WAEC ma haka take, ba ta ba da takarda ta asali sau biyu. Na rubuta masa matakan a Hausa, na haɗa shi da wanda zai raka shi kotu. Kafin a gama, ranar tantancewa ta wuce. Zuwansa na ƙarshe bai ɗaga murya ba, ya miƙe ya ce Allah ya isa. Ni ne a tsaye a gabansa, don haka a fuskata ta sauka. Na amsa da amin, don na san inda za ta.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Umarnin baki a wannan aikin babu shi. In oga ya ƙi rubutawa, kai ka tura masa saƙon WhatsApp kana maimaita abin da ya ce, ka ajiye. Littafinka na kanka ba zai cece ka a gaban wanda ya zo da hukuncinsa a aljihu ba, amma ka riƙe shi duk da haka, kuma ka sa mai ɗauka ya sa hannu a ciki. Kada ka karɓi buhun da lambar hatiminsa ta saɓa, ko da Sarki ne ya aiko shi.

Masu aikawa kuma, tunda yanzu ba mai hana ni magana: takardar asali ba a aika ta, a ɗauka a kai da ƙafa, kuɗin mota ya fi arha. In waya ce, a danna *#06# a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, kafin a rufe kwali, a ɗauki hoton kayan a kan sikeli. A faɗi ainihin kuɗin kaya. Mai wayoyin nan rabin kuɗinsu ya rubuta don ya rage na inshora, rabin kuwa aka ba shi. Mai karɓa ya buɗe a gaban wanda ya kawo, in ya sa hannu ya shige gida magana ta ƙare. A rubuta lambar waya biyu, don "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi" ba adireshi ba ne a garin da kowace unguwa take da duka biyun. Kano na da lambar gidan waya mai alƙaluma shida da ke farawa da 700, ban cika ganin wanda ya rubuta ta ba.

Kullum sai wani ya shigo mana da lambar kayan da ya saya daga Sin ko Ingila, yana faɗa wai mun riƙe masa. In lambar haruffa biyu ce, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, to wannan ta gidan waya ce, can za a nema. R a farko rajista ce, C ƙunshi, E kuma EMS, wato saƙon gaggawa. A ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wata shida ake da shi a shigar da ƙorafi, kuma ya fi sauri in wanda ya aiko ne ya shigar daga can. Diyyar ƙayyadaddiya ce, ta wasiƙar rajista ba ta wuce kimanin dala 40 ba ko me ke ciki. Abin da intanet ke nunawa kuma ba inda kaya suke ba ne, inda aka yi musu sikanin na ƙarshe ne. In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, akwai kuma sashen NIPOST da ke ba kamfanonin kai saƙo lasisi. Na ga manajan da ba ya ɗaga wayar mai kaya yana rawar jiki saboda wasiƙa ɗaya daga irin waɗannan wurare.

Yaron babur ɗin yanzu A Daidaita Sahu yake ja, muna gaisawa in mun haɗu. Ni kuma lauyan ya rubuta min takardar neman a mayar min da abin da aka yanke. Abokan aiki sun ce in jefa ta a buhun hedikwata, ai kyauta ne ga ma'aikaci. Ranar Litinin zan hau mota in kai ta da kaina, a buga min hatimi a kwafina.