Digiri goma kacal na ƙara

Ƙannena masu shirin shiga aikin kamfanin magani ko na abinci, duk inda dai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ke leƙowa, bari in ba ku labarin wautar da na tafka ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin.

Lokacin ina sabon shiga a wani kamfani a Kano, ɓangaren haɗa ƙwaya. Akwai injin da ke busar da garin magani kafin a kai shi wajen buga ƙwaya, takardar aiki kuma, wato SOP, ta ce zafinsa ya tsaya a digiri 55. To ga damina ta kankama, Agusta, iska duk laima, gari ya ƙi bushewa a kan lokaci, janareta na ta zuƙar dizal, oga kuma kowane minti goma sai ya leƙo yana cewa mota na jira. Sai na ce wa dattijon da ke kula da injin, Baba mu ɗaga shi zuwa 65 mana. Ya kalle ni ya ce ɗana an cika fom? Na ce haba Baba wane irin fom, digiri goma ne fa. Bai ƙara magana ba ya murɗa, ai ni ne mai kwalin jami'a.

Gari ya bushe da wuri, lab suka gwada suka ce ya yi, kaina ya kumbura. Daga ranar kullum 65, amma a takardar bach, wato inda ake rubuta yadda aka haɗa kowane zubi na magani, 55 nake rubutawa don kar 'yan kwaliti, masu duba ingancin kaya, su tada ƙura, kuma wallahi wannan ƙaryar ta fi murɗa injin muni. Masu aikin dare ba su san zancen ba, su suna nan a 55 ɗinsu. Magani ɗaya, lambar rajista ɗaya, amma ana yin sa iri biyu ba wanda ya sani sai ni da Baba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, bayan 'yan watanni dila ya dawo da kaya, ƙwayoyin suna marmashewa, wasu samansu na ɓallewa kamar murfi, wanda haka gari yake yi in ya bushe ya wuce ƙima. Sati biyu ana bincike. An zargi mai kawo sitaci, an kira injiniya, an canza ƙarafan buga ƙwaya da kuɗi masu yawa, duk a banza saboda takarda ta ce 55 kowa kuma ya yarda da takarda. Sai da Hajiya shugabar kwaliti ta zauna ta buɗe abin da injin da kansa yake ajiyewa na zafi, ta jera shi da ranakun aikina. Ba ta yi min tsawa ba, cewa kawai ta yi, wannan sa hannun na waye? Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bach uku aka janye.

Fom ɗin da na raina ba wani abu ba ne fa. Ka rubuta me za ka canza, me ya sa, me canjin zai iya taɓawa, sai kwaliti da injiniya da shugaban sashe su duba su sa hannu, a gwada, in ya yi a fitar da sabuwar SOP da sabuwar lamba, a kwashe tsofaffin da ke manne a bango, a koya wa masu rana da masu dare. Wani canjin ma sai NAFDAC ta amince tukuna. Kwamfuta ma haka, kar ka gyara fayil ɗin lebul ka danne tsohon, watarana za a tambaye ka wanne aka buga a watan kaza ka tsaya kana zare ido.

Kuma in aka ce muku an samu sabon mai kawo kaya mai araha, nan ne za ku fi tsayawa. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, sinadarin da aka haɗa shi da shi ne ya zo da gubar diethylene glycol. A 2022 irin wannan gubar a maganin tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Nawa ƙwaya ce ta farfashe kawai, Allah ne ya rufa asiri.

In oga ya matsa muku, ku ce ranka ya daɗe a sa min hannu, za ku ga saurin ya ragu.

Ba a kore ni ba, takardar gargaɗi aka ba ni. Abin haushin, daga baya na cika fom ɗin, aka yi gwaji, aka amince da 60 a lokacin damina tare da auna laimar garin kafin a sauke, kwana tara kacal ya ɗauka. Baba ne ya karɓi sabuwar takardar ya manna a jikin injin, bai ce min komai ba.