Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Ranar da na taka Edinbara da ƙafata

A makon jiya na tsaya ne a inda jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar Waverley, bayan tafiyar awa huɗu da rabi daga Landan. Tashar a cikin kwari take, da ka fito dole ka ɗaga kai. Tsohon garin yana can bisa tudu, dogayen gidajen dutse da hayaƙin shekaru ya rine sun jingina da juna, a ƙarshensu kuma ga fadar yaƙi a kan ƙaton dutse.

Washegari 'yata ta ce mu hau motar nan mai bene da ke zagayawa da baƙi, saboda gwiwata.

“Baba, garin nan duk hawa ne da gangara fa.”

Na ce mata ni a cikin birnin Kano aka binne cibiyata, a lungun da ko amalanke ba ta shiga sai a karkace, kuma ban taɓa sanin gari ta tagar mota ba. Ba ta ƙara musu ba. Ta miƙo mini rigar ruwa, don ko da yake watan Yuni ne, ana ta yayyafi da iska mai ratsa ƙashi.

Da hantsi muka fara da Grassmarket, tsohuwar kasuwar dawaki da shanu, wadda a dā nan ake rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Daga gefenta wata doguwar matattakala ta haura, ana ce mata Vennel. Sau uku ina tsayawa ina mayar da numfashi kafin mu kai sama. A can ta nuna mini guntun wata katanga mai ƙananan kafofi na harbi, ta ce ragowar ganuwar garin ke nan. An gina ta ne bayan yaƙin Flodden na 1513, inda Ingilawa suka kashe Sarki James na Huɗu da tarin manyan Sikotilan, mutanen gari suka shiga fargabar za a biyo su har gida. Na ɗora tafin hannuna a kan dutsen. Sanyi ƙalau, da gansakuka a tsakanin tsagoginsa.

Fadar kanta ba zan daɗe a kanta ba, don cike take da 'yan kallo, kafaɗa na gugar kafaɗa. Dutsen da take kai tushen wani dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun fil azal. Abin da ya tsaya mini shi ne igwar da ake bugawa da ƙarfe ɗaya na rana. Tun 1861 ake buga ta kullum ban da Lahadi da wasu ranakun bukukuwa biyu, asali don matuƙa jiragen ruwa su daidaita agogonsu. Soja ya fito cikin natsuwa, ya dubi agogo, ya buga. Duk mu baƙi muka zabura, wani dattijo ɗan gari da ke kusa da ni kuwa hannun rigarsa kawai ya janye ya duba nasa agogon.

Daga ƙofar fadar titi ɗaya ne ya miƙe ya gangara har fadar Holyrood, shi ake kira Royal Mile. Shimfiɗe yake da duwatsu masu santsi, ga wani mutum da zane iya gwiwa yana busa abin busarsu mai jakar iska, muryar sak algaita. Kusa da cocin St Giles na ga ana tofa yawu a kan wani zanen zuciya da aka yi da duwatsu a ƙasa. Raina bai so ba. Sai da 'yata ta ce nan ne ƙofar tsohon kurkukun da aka rushe a 1817, sannan na fahimci inda al'adar ta samo tushe.

Amma ni abin da ya kama zuciyata lungunan ne. Dama da hagu, bayan 'yan taku kaɗan sai ka ga wata 'yar ƙofa a jikin gini, da suna rubuce a samanta. Ka leƙa sai ka ga hanya siririya ta zurma ƙasa, wata ma in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Na shiga ɗaya, hayaniyar titi ta yanke kamar an rufe tukunya. Ƙamshin danshin bango ya doki hancina, nan take na ga kaina ina yaro, da allo a hammata, ina bin lungunmu da damina.

Ganuwa ce ta sa gidajen waɗannan lunguna suka yi tsawo haka. Gari ya cika, mutane suna tsoron zama a waje, fili kuma babu, sai suka riƙa ɗora gini a kan gini, har hawa goma da ɗoriya. Masu hali su zauna a tsakiya, talakawa can ƙoli ko can ƙasa, duk matattakala ɗaya suke bi. Ruwa sai 'yan ga-ruwa sun hau da shi a baya. Da dare kuma ta taga ake watso ƙazanta cikin lungu. A nan muka bambanta da su, don badalar Kano ta kewaye har da gonaki da kududdufai, mu faɗi muka yi, su kuwa sama suka nufa.

Can gaba 'yata ta riƙe hannuna ta ce in dubi saman wata ƙofa, Paisley Close. Fuskar yaro ce aka sassaƙa da dutse. A watan Nuwamban 1861, cikin dare, wani tsohon bene ya rufta a wurin, mutum 35 suka rasu. Masu tono suna cikin aiki sai suka ji muryar yaro daga ƙarƙashin ɓaraguzai yana cewa su ci gaba da janyewa, shi bai mutu ba tukuna. Aka fito da shi da rai. Da aka sake gini sai aka sa fuskarsa da maganarsa a wurin. Na daɗe ina kallonta. Na tuna wata damina da ɗakin ƙasa ya faɗa wa maƙwabtanmu, yadda iyayenmu suka yi ta tono da hannu har asuba. Su ba a fito da kowa da rai ba. Allah Ya jiƙansu.

Taku kaɗan daga nan, a wata mararraba, ta ce in dubi ƙasa. Wasu 'yan tubalan tagulla ne aka dasa a cikin titi, tayoyin mota sun goge su suna ƙyalli. Nan ƙofar gari take, Netherbow, wadda aka rushe a 1764 don hanya ta yi faɗi. A zamaninta sai ka biya kuɗi kake shiga, don haka talakan da ba shi da abin biya ya dawo ba ya fita, har ake ce wa wurin Ƙarshen Duniya. Ƙofar ta tafi shekara fiye da ɗari biyu da hamsin, amma kowane yaro zai iya nuna maka inda ta tsaya. Ni da na yi wasan zamiya a kan badala, na kuma ga ana ɗibar ƙasarta ana buga tubali, akwai wuraren da yau ko jikana ya tambaye ni ba zan iya cewa ga daidai inda ta bi ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, har 'yata ta tambaye ni ko gwiwar ce.

Na ce mata mu nemi masallaci, lokacin azahar yana tafiya. Muka juya muka bi ta South Bridge zuwa babban masallacin Potterrow, wanda aka buɗe a 1998, dab da jami'a. Ruwan alwalar da ɗumi. Na yi salla a zaune a kan kujera, kusa da wani ɗan Sudan da ya ji ina amsa waya da Hausa ya juyo ya ce, “Sannu, Alhaji.”

Rabin titin da ya rage, da fadar Holyrood, da yadda muka yi da dutsen Arthur's Seat, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.