Godiya ga masu babura na hanyar Gaya zuwa Wudil

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga wasu bayin Allah masu babura da wani dattijo bakanike, waɗanda suka tsaya mini a daren Alhamis da ta gabata a kan hanyar Gaya zuwa Wudil, alhali babu sanayya ko ta sisin kwabo a tsakaninmu.

Na ɗauko ɗana ne tare da mahaifiyarsa za mu asibiti, domin zazzaɓi ya yi masa tsanani har ya fara jijjiga. Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, sai babur ya fara shaƙewa, yana ja yana saki, daga bisani ya mutu kusa da rumfar wani mai shayi. Na yi ta buga kik, amma ko tari bai yi ba. Mutanen da ke fakewa a rumfar suka taso da fitilun wayoyinsu, kuma da ɗayansu ya ga halin da yaron yake ciki, nan take ya ɗauke shi da mahaifiyarsa ya nufi Wudil, bai tsaya maganar kuɗi ba.

Sauran suka kewaye babur ɗin, kuma a nan ne na ga wani irin alheri da nake so in ambata musamman. Sun lura hannuna yana rawa, sai suka shiga barkwancin da masu babura suka saba yi a kan kabireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska ta tura wa injin. Wani matashi ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ai sunanta ma ya faɗa maka yadda ake zama da ita: kabireta, ka bi ra'ayinta." Wani ya karɓe da cewa tasa da damina tana gudun ruwa, da hunturu ba ta tashi sai an ja mata cok, da bazara kuwa ta sha mai kamar ba saye ake yi ba. Na uku ya ce shi bai yarda a zalunce ta ba, domin kullum fulogi ne ke yin laifi a zo a kwance kabireta. A ganina wannan raha ba wasa da damuwata ba ce, mutane ne da suka sha kwana a hanya, suka san cewa wanda ya ruɗe ba ya iya riƙe kan babur, ko da injin ya tashi.

Dattijon da suke kira Baba, wanda aka taso daga gida, ya fara da cire fulogi. Ya goge shi, ya jingina shi da jikin injin, ya ce a buga kik, sai muka ga tartsatsi shuɗi, ya ce wuta lafiya take. Daga nan ya rufe makunnin mai, ya sassauta ɗan kusan da ke ƙasan kofin kabireta, ya tara da yankakkiyar gora. Da ya haska, sai ga ɗigon ruwa sun kwanta a ƙarƙashin fetur, saboda ruwa ya fi fetur nauyi, shi ne yake fara taruwa a inda injin ke zuƙa. Ya ce ko dai robar murfin tanki ta saki, ko kuma man kwalba ne, wanda da yawanmu muka koma saye kaɗan-kaɗan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Bayan ya tsiyaye kofin ya mayar, bugu ɗaya babur ya tashi.

Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ce, "Ɗana, riƙe ka sayi magani, je ka ga yaronka." Ɗaya daga cikin matasan ya bi bayana da fitilarsa har ƙofar asibiti.

Allah ya saka musu da mafificin alheri, ya tsare su daga sharrin ƙarfe, ya albarkaci nemansu. Ina kuma gode wa ma'aikatan jinyar da suka karɓi yaron a daren. Zazzaɓin cizon sauro ne, an yi masa allurai da ƙarin ruwa, yanzu an sallame mu yana samun sauƙi. Duk wanda ya san Baba bakanike ko matashin da ya ɗauki iyalina, ina roƙon ya isar musu da wannan saƙo, domin ina so in je in gaishe su da kaina.